Hajiya Mero Masaƙiya da Majanyin 'Ya'yan Sarkin Turai

Haihuwa da tasowa

An haifi Hajiya Maryamu, wadda kowa ya sani da Mero Masaƙiya, a farkon shekarar 1945, ana tsakiyar kakar auduga, a unguwar Kwarbai da ke cikin birnin Zariya. Mahaifinta, Malam Yari, marini ne da ya gaji karofi a wurin mahaifinsa. Mahaifiyarta kuwa, Malama Salma, masaƙiya ce wadda matan unguwa ba sa rabuwa da ƙofar ɗakinta idan haihuwa ta gabato a gidajensu. Mero ce ta uku a cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ce mace.

Ta shiga makarantar allo tana da shekara biyar, ta yi karatu har ta kai izu ashirin, amma ba a sa ta a makarantar boko ba. Tana da shekara tara mahaifiyarta ta zaunar da ita a gaban masaƙa. Ta koyi saƙar gwado da ta zane, sai dai abin da hannunta ya fi faɗawa a kai shi ne majanyi, wanda mace ke ɗaurawa a kan zane don ya riƙe mata jariri a baya. Tun tana budurwa ta fitar da alamarta, wato layi uku na shuɗi a kowane baki, da zaren da mahaifinta ke rina mata da kansa. Daga mahaifiyarta ta riƙe ƙa'ida guda wadda ba ta taɓa saki ba, cewa ba a saƙa majanyi don a jibge a kasuwa, sai an san ɗan da za a goya da shi.

Aure da haihuwar tagwaye

A shekarar 1962 aka ɗaura aurenta da Malam Mika'ilu, ma'aikacin jirgin ƙasa, mutum mai barkwanci wanda ya fara zuwa gidansu sayen gwado, ya dawo sau huɗu yana cewa gwadon ya yi masa gajere. Ta tare a gidansu da ke kusa da Ƙofar Kuyambana, inda ta zauna har ƙarshen rayuwarta.

A shekarar 1964 haihuwarta ta fari ta zo da gardama, ta kwana biyu tana naƙuda. Aminin mijinta, Malam Walter Johnson, wani malamin makaranta Kirista ɗan Wusasa, shi ya samo motar da aka kai ta asibitin mishan. A can wata Baturiya ma'aikaciyar jinya mai suna Sista Mildred ta tsaya a kanta har Allah ya sauke ta lafiya, ta haifi tagwaye, Hassana da Usaini. Daga nan zumunci ya ƙullu. Sista takan zo cikin birni a kan kekenta ranar Asabar, ta zauna a kan tabarma tana kallon saƙa, tana Hausarta mai tuntuɓe, Mero kuma tana gyara mata ba tare da ta ɗaga kai daga aiki ba. Bayan tagwayen, Mero ta haifi Salma a 1967, sannan Aminu a 1971.

Majanyi na farko

A ƙarshen shekarar 1966 Sista Mildred ta koma ƙasarsu, wata ƙaramar ƙasa mai sarki a Turai. Mero ba ta taɓa iya faɗin sunan ƙasar ba, don haka ta sa mata Ƙasar Sista, kuma da wannan suna aka san ta a gidan har yau. Bayan shekara guda wasiƙa ta iso ta hannun Malam Walter, cewa Sista ta sami aiki a fada, za ta riƙa kula da jariran gidan sarauta. A shekarar 1968 wata wasiƙar ta biyo baya da albishir cewa matar Yarima mai jiran gado ta haifi ɗa namiji, an buga igwa, an kaɗa ƙararrawa a duk majami'un ƙasar.

An ruwaito cewa da Malam Walter ya gama karantawa, Mero ta tambaye shi ranar da aka yi haihuwar. Ya ce Juma'a ce. Ta ce, "To, Ɗanjuma ke nan. Sista ce za ta yi renonsa, ɗan Sista kuwa ɗana ne. Ai sai a yi barka."

Ta yi mako uku tana saƙa majanyi fari sol mai layi uku na shuɗi. Malam Walter ya rubuta takardar barka da Turanci, Malam Mika'ilu ya kai ƙunshin gidan waya da kansa. Bayan mako shida sai ga kati mai hatimin zinariya daga sakataren fada, yana cewa gidan sarauta ya karɓi kyautar da farin ciki. Mero ta sa katin a cikin wani kwanon sha mai murfi da ke cikin jerenta. Daga ranar Malam Mika'ilu ya riƙa gabatar da kansa a zaure da cewa shi surukin Sarkin Turai ne, sai dai har yanzu ba a aiko masa da ko goro ba.

Shekarun zumunci

Daga 1968 zuwa 2004 ba a yi haihuwa a wannan gidan sarauta ba tare da majanyi ya tashi daga Zariya ba. Ƙannen Ɗanjuma biyu sun samu, daga baya 'ya'yan ƙannen su huɗu ma suka samu. Sista Mildred ta rasu a 1981, Mero ta yi kwana uku ba ta taɓa masaƙa ba, amma ba ta yanke aike ba, don a cewarta mutuwa ba ta raba dangi. Daga nan Malam Walter ya ɗauki nauyin bin labarin gidan a rediyo da jaridu, yakan hau babur ɗinsa ya zo musamman ya ce, "Hajiya, an ƙaru a gidanku." Ta sauke farali a 1988, kuma kafin ta tafi sai da ta sa ya tabbatar mata babu mai ciki a fada.

A shekarar 1995 Ɗanjuma, wanda a lokacin ya zama mai jiran gado, ya sami 'yarsa ta fari ranar Litinin, Hajiya Mero ta sa mata Tani. A wannan shekarar ne aka rufe karofin gidan mahaifinta, zaren shuɗin da ya rage mata bai isa ba, don haka layin tsakiya na majanyin Tani ya fito siriri. Abin ya daɗe yana damunta. A 1998 aka haifi namiji ranar Lahadi, ta sa masa Lado.

Haihuwar Lado ta tayar da muhawara a Ƙasar Sista, saboda a tsohuwar dokarsu namiji ne ke gadon sarauta ko da yana da yaya mace. A shekarar 2000 majalisarsu ta canza doka, ta ce wanda aka fara haifa shi ke gado, mace ko namiji. Maganar ta iso har zauren Malam Mika'ilu, inda aka yi yini guda ana ja-in-ja, shi yana cewa an zalunci Lado. Hajiya ta aiko daga cikin gida cewa, "A gaya wa Malam babba babba ne. Shi da ko soro bai gada ba, ina ruwansa da gadon Turawa?" Malam Walter ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

A 2006 tsohon sarki ya yi murabus saboda tsufa, Ɗanjuma ya hau gado. Hajiya Mero ta sa aka toya waina aka raba wa maƙwabta, tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa wannan sarkin da majanyinta aka goya shi. Ba ta taɓa shakkar haka ba, babu kuma wanda ya taɓa tunanin ya tambaya, don kowa a gidan ya san abin da ake yi da majanyi. Malam Mika'ilu ya rasu a 2009, amininsa Malam Walter ya bi shi bayan shekara biyu.

Abin da Pamela ta gano

'Yar autar Malam Walter, Pamela, ma'aikaciyar jinya ce, kuma a 2010 ta sami aiki a wani asibiti a Ƙasar Sista, ita ta gaji mahaifinta wajen kawo labari. A watan Disamba na 2014 ta zo gida hutun Kirsimeti. Ta zo gaishe da Hajiya sau biyu, tana ta juya wayarta a hannu. A zuwa na uku Hajiya ta ce mata, "Ke 'yar Walter, abin da ke bakinki ya fi ƙarfin goro. Fito da shi."

Ashe fadar ta buɗe wani ɗaki na kyaututtukan da ƙasashe suka aiko mata, ana barin jama'a su shiga kallo, Pamela kuma ta shiga. Ta nuna wa Hajiya hotunan da ta ɗauko. Majanyi takwas ne a cikin gilashi, an goge su an ninke, na tara kuwa an shimfiɗa shi a kan wani dogon teburi an ɗora masa tulun furanni. A ƙasa an rubuta cewa waɗannan kayan adon teburi ne daga Afirka ta Yamma.

Hajiya ta sa aka ƙara girman hoton, ta ƙirga layukan da ɗan yatsa. Ta ce, "Shekara arba'in da shida ina saƙa wa teburi?"

Pamela ta ce, "Inna, sun adana su da kyau, wallahi ko ƙura babu."

"To su da me suke goyo?"

"Ba sa goyo, Inna. A keke suke turawa."

"Ɗan sarki guda a tura shi a keke kamar kayan miya?"

Waɗanda ke wurin sun yi dariya, ita ba ta yi ba. Washegari ta sa Usaini ya kwance masaƙar, aka tura itatuwanta ƙarƙashin gado. Ta mayar da kwanon katunan can bayan jere. Ta ce mahaifiyarta ta hana ta saƙa majanyin da ba a san ɗan da za a goya da shi ba, ga shi ta saƙa tara ba a goyi ko ɗaya ba.

Shekaru takwas babu saƙa

Daga 2014 zuwa 2022 Hajiya Mero ba ta saƙa wa kowa komai ba, har jikokinta. Ta daina ambaton Ƙasar Sista. Sai dai duk lokacin da Pamela ta bugo waya, bayan an gama gaisuwa, Hajiya takan ce, "Yarinyar nan kuwa ta gama karatun?" Ba ta faɗin suna, Pamela kuma ba ta tambayar wace yarinya. Ta haka ta ji cewa Tani ta gama jami'a, ta fara wakiltar mahaifinta wajen buɗe makarantu da asibitoci, kuma a 2021 ta auri wani malamin lissafi.

A watan Oktoba na 2022 matar jikanta Suhail ta haihu. Mai jegon yarinya ce da ta tashi a Legas, kuma da aka miƙa mata jariri bayan cibiya ta faɗi aka ce ta goya, sai ta tsaya da zane a hannu tana kallon mutane. Hajiya ta kore masu dariya, ta ce mata ta sunkuya, ta nuna mata yadda ake ɗora jariri, yadda ake kama hannuwansa a hammata, yadda ake ja zane a soke a ƙirji, sannan a kawo majanyi ta ƙasa a tamke. Sai a karo na huɗu ɗaurin ya zauna. Da yarinyar ta fita, Hajiya ta daɗe zaune tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce wa Hassana, "Ashe goyo ma koyonsa ake yi. Bahaushiya ke nan sai da aka nuna mata. Ni kuwa na aika wa Turawa majanyi, ban haɗa da zane ba, ban haɗa da mai nunawa ba. Laifin wa?"

Ba a cika wata ɗaya ba Pamela ta bugo ta ce fada ta sanar Gimbiya mai jiran gado, wato Tani, na da juna biyu.

Majanyi na goma

Hajiya ta sa aka fito da masaƙar aka kafa, amma da ta ɗauki akwasha, itacen da ake buga zare da shi, sai hannunta ya kasa, don ciwon gaɓoɓi ya riga ya tanƙwara mata yatsu. Sai ta dubi Hassana. Hassana a lokacin tana da shekara hamsin da takwas, ta yi ritaya a matsayin shugabar makarantar firamare a Gyallesu, kuma tun tana ƙarama take gudun masaƙa, har mahaifiyarta ta sa wa hannunta suna hannun alli.

Hassana ta ce, "Inna, ni fa ko bakin gwado ban taɓa haɗawa ba."

Hajiya ta ce, "A can ma 'yar fari ce za ta hau gado, ba a tambaye ta ko ta iya ba. Zauna."

An yi wata uku ana wannan aiki, uwa a kan kujera 'yar tsugunno da sanda a hannu tana nuna inda zare ya yi sako-sako, 'ya a gaban masaƙa da tabarau a kan hanci. Sau biyu Hajiya ta sa aka warware saƙar tun daga farko. A karo na biyu Hassana ta yi fushi ta tafi gidanta, ta kwana biyu, sannan ta dawo da kanta ta zauna a gaban masaƙa. Zaren shuɗin kuwa sai da aka aika Kano aka rino shi. A watan Fabrairu na 2023 majanyin ya sauka, fari mai layi uku, Hajiya ta shafa shi daga baki zuwa baki ta ce, "Ba laifi," wanda a bakinta yabo ne babba.

Wannan karon an haɗa da zanen atamfa mai taushi. An kuma ɗauki bidiyo a waya, matar Suhail tana goya ɗanta a hankali, Hajiya tana bayani daga kujera, har da inda take cewa, "Ke Tani, ki kula da kan yaro." Pamela ta fassara komai a rubuce, ban da inda Hajiya ta yi maganar kayan miya, ta kai ƙunshin ofishin fada da hannunta.

A watan Afrilu na 2023, ranar wata Laraba, Gimbiya ta haifi mace, wadda ita ce ta biyu a layin gadon sarauta. Hajiya ta sa mata Balaraba. A da kati kan iso cikin mako shida. Wannan karon mako shida ya wuce, wata uku ya wuce, wata biyar ya wuce. Hajiya ba ta tambayi kowa ba, amma ta sa aka mayar da kujerarta inda take hango ƙofar zaure, kuma duk wanda ya yi sallama hannunsa take fara kallo.

A tsakiyar watan Oktoba ambulan ya iso ta hannun wani ɗan'uwan Pamela. A ciki akwai katin da aka saba, akwai hoto, akwai kuma gajeriyar takarda da rubutun hannu. A hoton ga Gimbiya tsaye a cikin lambu da wando, ta ɗaura atamfar a kan wandon, jaririya na barci a bayanta, layi uku na shuɗi sun fito sarai. Hassana ta karanta takardar. Gimbiya ta ce 'yarta mai kuka ce, kuma ba a sami abin da ke sa ta barci kamar goyo ba. Ta ce ta sa an cire majanyin da ke kan teburi, an kuma gyara rubutun da ke ƙasa. A ƙarshe ta yi tambaya guda, cewa a cikin taran nan wanne ne nata.

Hajiya ta riƙe hoton kusa da idonta, ta daɗe. Sannan ta ce, "Ɗaurin ya yi ƙasa. Dubi kan yarinyar ya lanƙwashe. A rubuta mata ta ɗaga, ta ƙara tamkewa a ƙirji." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Nata shi ne mai siririn layi a tsakiya. A gaya mata shuɗi ne ya ƙare, ba rowa ba ce." A ranar aka toya waina, aka rataye hoton a saman gadonta, kwanon katunan kuma ya dawo gaban jere.

Rasuwa

Hajiya Mero ta rasu da safiyar Alhamis, 9 ga watan Mayu, 2024, a ɗakinta, bayan jinyar kwana shida, tana da shekara saba'in da tara. An yi mata salla a ƙofar gida bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar da aka binne mijinta. Jama'a sun taru daga cikin birni da Wusasa da Kufena da Tudun Jukun, kuma mata da yawa da suka zo gaisuwa sun zo da tsofaffin majanyi masu layi uku, wasu da jikoki a goye a ciki.

Ta bar 'ya'ya huɗu: Hajiya Hassana, da Alhaji Usaini, da Hajiya Salma, da Malam Aminu. Ta bar jikoki ashirin da uku, da tattaɓa-kunne bakwai. Ita da bakinta, idan tana lissafin zuriyarta, takan ƙara da goma a Ƙasar Sista, ta ce ɗaya daga cikinsu sarki ne, ɗaya kuma an goya ta. Allah ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta, ya sa Aljanna ce makoma.

Masaƙar ba a sake kwance ta ba. Tana nan a ɗakin marigayiyar da farin zare a jikinta, don kwana arba'in bai cika ba Pamela ta bugo ta ce matar Lado na da ciki, Hajiya Hassana kuma ta riga ta warware saƙar sau ɗaya da kanta, ba wanda ya sa ta.